Daga Matan Fada zuwa aji: kalmomin kimiyyar wasanni a bikin Argungu

A shekarar 1933 hukumar ilimi ta Ingila ta fitar da manhajar motsa jiki don makarantu, kuma makarantun boko a Najeriya sun daɗe suna bin ta: a jera yara layi-layi, a ɗaga hannu, a sauke, a durƙusa, a miƙe. Shekara ɗaya bayan haka, a 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da babban bikin su. Ziyarar ce ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa, wadda ta samo asali tun 1805, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi.

To, tun daga wancan lokaci hanyoyin horar da jiki biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar Kabi. Ɗaya a filin makaranta da Turanci, ɗaya a bakin kogin Matan Fada da Hausa. Ɗalibi yakan haddace kalmomin darasin motsa jiki don jarrabawa, bai san cewa abin da suke nufi shi ne yake kallo a bikin garinsu ba. Bari mu ɗauki huɗu daga cikinsu.

Ta farko ita ce juriya. Da an harba bindiga, dubban masunta kan auka ruwa da homa da gora, su shafe kusan awa guda suna fama. Aiki mai tsawo irin wannan ya dogara ne kan iskar oksijin da huhu ke shaƙa, zuciya ta tura ta cikin jini zuwa tsoka. A 1923 masanin Ingila A. V. Hill da abokin aikinsa Hartley Lupton suka nuna cewa kowane mutum yana da iyakar oksijin da jikinsa zai iya amfani da shi a minti ɗaya, komai ƙoƙarinsa. Ana iya kiran wannan ƙololuwar shan oksijin, kuma har yau da ita ake auna 'yan gudun dogon zango. Atisaye a kai a kai yana ɗaga ta. Shi ya sa wanda ya tashi yana tuƙa kwalekwale ba ya haki da wuri.

Ta biyu ƙarfin farat-ɗaya. A kokawa da dambe, waɗanda su ma ake yi a bikin, sau da yawa magana kan ƙare cikin 'yan daƙiƙu. A nan tsoka ba ta jiran oksijin. Tana da 'yar ajiyar makamashi a cikinta da ba ta wuce ta kimanin daƙiƙa 10 ba idan an sa ƙarfi duka. Ka ga ke nan ƙarfi daban, juriya daban, horonsu ma daban. Ɗan kokawar da ya kayar da ƙato ba lalle ne ya kai ƙarshen tseren kwalekwale ba.

Ta uku tasowa a kan ruwa. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Arkimidis na ƙasar Girka ya bayyana cewa ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Don haka gora mai cin lita 20, idan babu komai a ciki, za ta iya tallafar nauyin da ya kusa kilo 20 kafin ta nutse. Masunci ya kifa cikinsa a kai, hannayensa suna aikin homa, bai ɓata ƙarfi wajen iyo ba. Kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78, wato nauyin cikakken mutum, amma a cikin ruwa ba ya nauyi haka, saboda wannan ƙa'ida. Wahalar tana farawa ne idan an zo fito da shi tudu.

Ta huɗu ita ce ta fi muhimmanci, don a nan ake rasa rai. A wasannin ruwa da ake kira Kabanci akwai iyo, da kamun agwagwa da hannu, da nutso. Idan fuska ta shiga ruwa mai sanyi aka riƙe numfashi, bugun zuciya kan ragu, jijiyoyin jinin hannu da ƙafa su tsuke, jini ya karkata zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Saifa ma takan matse ta saki ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan shi ne martanin nutso. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan Bajau, masu nutso a tekun Indunusiya, ya gano cewa saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kusan kashi 50 cikin 100.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke tilasta wa mutum ya taso ya shaƙi iska ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar iskar kabon-dayoksaid ce a jini. Yara da samari sukan yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin su nutsa, wai don su daɗe. Wannan yana fitar da kabon-dayoksaid ne kawai, ba ya ƙara oksijin a-zo-a-gani. Sai oksijin ya ƙare, jiki bai yi gargaɗi ba, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ko motsi ba. Gwanaye ma hakan na faruwa da su, ko a ruwa marar zurfi. Dokar mai sauƙi ce: kada a yi wannan jan numfashin, kada a yi gasar daɗewa ba mai sa ido, kada kowa ya yi nutso shi kaɗai.

A 2016 UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma bikin ya tsaya tun bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020. Shekara goma ba wasa ba ce ga gwanintar da ake koyo da kallo da kwaikwayo. Malamin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, idan zai koyar da juriya, ba sai ya nemo misali daga Turai ba, Matan Fada na nan kusa. In kuma ya yi bayanin martanin nutso da Hausa, yaran da za su je kogi da yamma za su tafi da abin da zai iya tsare ransu.