Wallace Lambert da Tambayar Harshe Biyu a Kan Yaro Ɗaya

Shekaru da yawa masanan Turai da Amurka suna gargaɗin iyaye kada su bar yaro ya tashi da harshe biyu, wai kansa zai rikice. A shekara ta 1923 wani mai suna Saer ya gwada yara kamar 1,400 a ƙasar Wales, ya ce yaran ƙauye masu harshen Wales da Ingilishi sun kāsa masu Ingilishi kaɗai. A Amurka kuwa ana ba 'ya'yan baƙi jarrabawa cikin Ingilishin da ba su gama ji ba, in sun faɗi sai a ɗora wa harshen gida laifi. Ba a cika tambaya ko yaron ɗan matalauci ne ba.

Wanda ya juya wannan magana shi ne Wallace Lambert, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar McGill ta birnin Montreal, ƙasar Kanada. An haife shi a 1922. A 1962 shi da almajirarsa Elizabeth Peal suka buga binciken da suka yi a kan yara 'yan shekara 10 a makarantun Faransanci na birnin. Suka lura da abin da na dā suka ƙyale, wato suka haɗa yaran da iyayensu suke daidai wajen samu. Su kansu ba su zaci abin da ya fito ba: masu harshe biyu suka wuce masu harshe ɗaya a mafi yawan gwaje-gwajen. Amma fa sun faɗi gaskiya, cewa binciken bai nuna ko harshe biyu ne ya wasa hankalin yaran ba, ko kuwa masu kaifin hankali ne suka fi saurin kama harshe na biyu. Masu ambaton aikinsu sukan manta da wannan.

A 1965 waɗansu iyaye masu Ingilishi na garin St. Lambert, a hayin kogi daga Montreal (sunan garin ya zo ɗaya da nasa ne kawai), suka matsa a koyar da yaransu cikin Faransanci tun daga ajin farko. Aka fara da yara 26. Lambert da abokin aikinsa Richard Tucker suka bi su shekara da shekara, suka buga sakamakon a 1972. Yaran sun iya Faransanci, Ingilishinsu kuma bai lalace ba. Irin wannan makaranta ta bazu ko'ina cikin Kanada.

A nan ne wasu suka yi kuskure, suka ce ashe kowane yaro sai a jefa shi cikin baƙon harshe, zai yi iyo. Lambert bai yarda ba. Gama yaran St. Lambert suna komawa gida su tarar da Ingilishi a bakin uwa, a kasuwa, a rediyo, harshe ne mai daraja wanda ba mai iya ƙwace musu. Ɗan baƙo ko ɗan ƙaramar kabila kuwa, sabon harshen yakan cinye nasa, har ya ji kunyar gaida kakarsa da shi. Sai ya raba abin biyu: akwai koyon da yake ƙari, akwai kuma wanda yake ragi. Daga cikin dukan abin da ya bari, wannan ya fi amfani.

Jim Cummins ya ɗora a kai a 1979, ya nuna cewa karatun da yaro ya kafu a kai cikin harshen gida yana bin sa zuwa harshe na biyu. Ellen Bialystok ta ci gaba da auna hankalin masu harshe biyu, ko da yake har yanzu masana suna gardama a kan girman ribar. A Nijar ma, inda yaro yake shiga aji ya tarar da Faransanci, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Lambert ya rasu a 2009.