Sake Ɗinka Tufafin Baraden Ƙasar Hausa na Ƙarni na 19

Duk wanda ya halarci hawan salla a Damagaram ko Maraɗi ko Katsina ko Kano zai ji masu kallo suna cewa haka kakanni suke shiga idan za su fita yaƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma da sauran bayani. Hawa al'ada ce mai rai, kowane zamani kuwa ya sa mata hannu. Rigar da mahayin yau yake sanye da ita galibi shadda ce da injin Turai ko na Sin ya saƙa, aikin da ke ƙirjinta na keke ne, zaren da ke walƙiya a jalalar dokinsa na roba ne, sau da yawa kuma akwai tabarau tsakanin rawani da amawali. Babu laifi a nan, domin mahayin biki ya fito yi. Nauyi yana kan wanda ya ɗauki irin kayan nan ya ce da jama'a ga tarihi: mai shirya fim, ko ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko gidan adana kayan tarihi. Fim irin su Shaihu Umar na 1976 da Sarauniya na 1986 sun zama wa dubban mutane hoton da suke tunawa da ƙarni na 19, abin da ido ya gani kuwa ya fi zama a zuciya bisa abin da aka karanta.

Tambaya ta farko ga mai wannan aiki ita ce: wace shekara, wane gari, wane matsayi? "Zamanin da" ba amsa ba ce. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce take da ƴan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa yawancinsu ƴan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan. Wanda ya sa wa waɗannan mujahidai alkyabba da manyan riguna masu aiki ya ara musu arzikin jikokinsu ne. Ko rawani ma a wancan lokaci magana ce ta siyasa, tun da Sarkin Gobir Nafata ya taɓa hana maza naɗa shi, ya hana mata yafa mayafi. Shekaru sittin bayan haka abin ya sauya: sarakunan daular Sakkwato suna raba riguna ga barade a matsayin tukuici, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, yana da ƴan bindiga da igwa, fatake kuma suna sauke masa kayan Tarabulus a ƙofar gida.

Shaidun da ake dogaro da su

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙi. Wannan ya tabbatar da daɗewar kayan, amma bai bayyana yankansu ko launinsu ba. Bayanin da madunki zai iya aiki da shi ya fi fitowa daga matafiya. Denham ya ga baraden Shehun Barno sanye da sulke a Kukawa a watan Fabrairun 1823, littafin tafiyarsu na 1826 kuma yana ɗauke da zanensu. Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya bi ta Tasawa ya shiga Kano a 1851, ya kuma zauna a Damagaram a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Ya lissafa irin tufafin da ake yi a Kano, da riga da turkuɗi da zane da baƙin rawani, ya ƙiyasta cewa abin da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Sai kuma rigunan kansu: waɗanda Ingilishi suka saya a Egga ta ƙasar Nufe a 1841, da waɗanda Jamusawa irin su Flegel da Staudinger suka kai Barlin a shekarun 1880.

Kowace shaida da inda take yaudara. Zanen littafi mai sassaƙa ne ya sake shi a Landan, mutumin da bai taɓa ganin lifidi ba. Baƙo kuwa mafi kyawun riga yake saya ko ake ba shi kyauta, don haka gidajen tarihi sun cika da kayan manya, na talaka ya ƙare a jikin mai shi. Hotunan da aka fara ɗauka bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899 ba su da launi, kuma wanda za a ɗauka yakan shiga ɗaki ya caɓa ado tukuna.

Daga gona zuwa masaƙa

Yankan babbar riga bai sauya sosai ba, kowane gwanin tela zai iya fitar da shi. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Matsalar tana cikin ƙyallen. Rigar 1860 daga audugar gida aka yi ta, mai gajeren gashi, kafin Turawa su yaɗa irin Amurka a farkon mulkinsu. Mata ne suke gurje ta a kan magurji, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari, su fitar da zare mai ƙarfi na tsaye da abawa mai taushi ta kwance. Zaren hannu ba ya tafiya daidai: nan ya yi kauri, can ya sirance, wannan rashin daidaito ne yake ba ƙyallen fuskarsa da nauyinsa, shi ne kuma abin da idon tsoho yake fara nema. Masaƙi namiji ya yi wadari, ya ɗaure bakin zaren a kunkuru, ya saƙa ƙwarya siririya wadda galibi ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A Kura, kudu da Kano, ƙwaryar turkuɗi ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Daga nan sai madunki ya jera ƙwarya kusa da ƙwarya ya haɗa su da allura, gomomi a riga ɗaya, kuma yawan ƙwarya da sirantarta suna cikin abin da ake auna darajar riga da shi.

Wannan yana nufin rigar gaske cike take da layukan ɗinki daga kafaɗa zuwa ƙasa, kuma su ne suke sa ta tsaya a jiki ta yi kwarjini idan an naɗe hannuwanta bisa kafaɗa. Wasu masu shirya wasa sukan ɗauki yadin kanti su bi shi da layukan keke don ya yi kama da saƙi. Daga nesa dabarar tana ci, amma kama da wane ba ta wane: yadin inji yana zubowa kamar ruwa, saƙi kuwa yana da ƙashi. Keken ɗinki na Singer ya fito a Amurka a 1851, sai dai bai zama kayan aikin madunkan ƙasar Hausa ba sai a ƙarni na 20, saboda haka duk ɗinkin da ido zai kai gare shi tilas ya zama na hannu.

Rini ya fi sauƙin samu, domin har yau akwai marina a Ƙofar Mata, ko da yake da yawa daga cikin karofinta sun bushe. Ana zuba baba da toka da katsi a karofi, a bar shi kwanaki ya nuna, a tsoma ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi, a yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Ƙore da rawani ɗan Kura kuwa sai an kai su mabuga, an barbaɗa shuni, an yi ta bugu a kan gungume har su ɗauki sheƙi mai ruwan ƙarfe. Abin lura shi ne, shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897 sinadarinsa ɗaya ne da na baba, don haka launin kaɗai ba ya tona asiri. Abin da ba a iya yi da wayo shi ne bugun, da yadda shunin yake zuba a wuya da goshin mai sanye da shi.

Kayan waje ma na ainihi ne

A nan ne masu kishin gargajiya sukan yi nasu kuskuren. Suna ɗauka cewa sahihiyar shiga ita ce wadda babu komai na waje a cikinta. Barth ya ga akasin haka a kasuwar Kano: alawayyo daga Mancesta, siliki daga Faransa, jan mulufi daga ƙasashen Jamus, duwatsun ado daga Benis, allurai daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen. Takobin da barde yake rataye da shi sau da yawa ruwansa na Jamus ne, maƙerin gida ya yi masa ƙota, baduku ya yi masa kube. Alkyabba da jar dara da kufta daga arewacin Afirka suke zuwa ta Gadamas da Agadas. Wanda ya cire waɗannan daga jikin hakimin 1870 ya tsiraita shi.

Ko aikin ƙirjin riga ya haɗa gida da waje. Malami ne yake zayyana aska biyu ko aska takwas da tambari a kan ƙyallen da alƙalami da tawada, mai aiki ya bi zanen da allura tsawon watanni. Zaren da aka fi so shi ne tsamiya, silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen tsamiya. Ana dafa shi da toka, a kaɗa shi kamar auduga, launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya ƙyalli. Shafin da ke cikin bakin rigar kuwa, wanda yake bayyana idan an ɗaga hannu, alharini ne, wato ragowar silikin Turai mai ruwan ja da ake ƙetarowa da shi Sahara. Shi ma da tarihinsa. Rinin sinadari na farko ya fito a Ingila a 1856, jan nan mai haske kuma a Liyon ta Faransa a 1859. Rigar da ake cewa ta 1850 ce ba za ta ɗauki irin wannan launi ba, ta 1890 kuwa tana iya ɗauka. Aikin mai bincike shi ne ya san shekarar da kowane baƙon abu ya iso.

Lifidi da sulke

Lifidi ƙyalle ne ninki biyu da ake cusa wa audugar rimi, a bi shi da ɗinki kusa da kusa don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Yana rufe doki daga wuya zuwa gwiwa, mahayi ma yana da nasa, da kwalkwali mai gashin jimina. Amfaninsa tare kibiya mai dafi, abin tsoronsa kuwa kibiyar wuta. Soso da ake cusawa a yau yana kumbura ya yi siffar katifa, ba ya kwantawa a jikin doki yadda rimi yake yi. Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne na adadi. Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Bello zuwa Konya, birnin Gobirawa, a watan Oktoban 1826, ya ga ƴan lifida ƙalilan ne cikin dubban mayaƙa, kuma saboda nauyin kayan sai an kama mutum an ɗora shi a kan sirdi. Fagen da aka cika da ƴan lifida ɗari-ɗari ya fi kama da hawan daba irin wanda aka shirya wa Yariman Wales a Kano a 1925 ko Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956.

Sulke kuwa zobba ne dubbai, kowane yana ratsa huɗu, nauyinsa yakan kai kilo goma. Tsohon sulke na yaƙi bakin kowane zobe an ɗaure shi da ƴar ƙusa, yawancinsa kuma ta Masar da arewacin Afirka ya shigo, kamar yadda binciken Bivar na 1964 a kan kayan yaƙin fadojin Arewa ya nuna. Wanda ake lanƙwasa waya kawai a haɗa baki da baki ya fi arha, an ma ci gaba da ƙera irinsa a Omdurman har cikin ƙarni na 20, amma mashi yana buɗa shi. Don wasa ya wadatar, muddin ba a rubuta a ƙarƙashinsa cewa shi aka sa a Gawakuke ba.

Mafi yawan waɗanda suka yi yaƙoƙin nan ba su taɓa sa ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya ba. Dakare yana fita da taguwa ko warki, da kwari da baka, da layu a damtse da ƙugu, mai hali ya riƙe garkuwar fata, ta warwaji idan ya samu. Kayansa sun fi na barde arha, amma sun fi wuyar tabbatarwa, tun da ba wanda ya adana su; a nan waƙoƙin baka da kirarin mafarauta da shigar ƴan tauri suke taimakawa, tare da yin hattara.

Mai son rigar barde guda ɗaya ta ainihi zai fara ne da neman tsofaffin mata masu kaɗi tun lokacin kaka, sannan masaƙi, da marini, da mabugi, da malami mai zayyana, da mai aikin allura, waɗanda a da unguwa ɗaya take tara su, yau kuwa sai an bi Kura da Zariya da Bida, ko rumfunan masu sana'a na gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Idan an gama kuma ba a fitar da ita fage washegari. Sai an sa ta an hau doki da ita, gumi ya ratsa wuyanta, sirdi ya murje bayanta, an wanke an sake bugawa, domin baraden da ake kwaikwayo sukan yi shekaru da riga ɗaya, wani ma gadonta ya yi.