Sabunta tsofaffin bututun ruwa

Sabunta tsofaffin bututun ruwa aiki ne na gyara ko maye gurbin manyan bututun da ke ɗauko ruwan sha daga matatar ruwa zuwa unguwanni. Ana iya haƙe titi a ciro tsohon bututu a sa sabo, ko kuma a gyara shi daga ciki ba tare da doguwar haƙa ba. Halin da bututun yake ciki shi ne ke nuna hanyar da ta dace.

Dalilan lalacewa

Yawancin tsofaffin bututu na ƙarfe ne. A birnin Landan, wasu tun ƙarni na 19 suke binne a ƙasa. Tsatsa tana cin ƙarfen ta waje, tana kuma taruwa ta ciki har hanyar ruwa ta ƙuntata. Motsin ƙasa da nauyin manyan motoci suna tsaga bututun ko su saki mahaɗarsa. Asarar ba ta tsaya ga yoyo ba: idan aka ɗauke ruwa ƙarfinsa ya ragu, ruwan ƙazanta na iya shiga ta tsagar ya gurɓata wanda mutane za su sha. Abin da aka ƙera bututun da shi ma yana iya cutarwa. A birnin Flint na jihar Michigan a Amurka, an sauya tushen ruwa a shekarar 2014 ba tare da sa sinadarin hana cin ƙarfe ba, sai dalma ta narke daga tsofaffin bututun da ke shiga gidaje ta shiga ruwan sha.

Bincike kafin aiki

Injiniyoyi suna gano wurin yoyo da na'urorin sauraren sauti, suna zura kyamara cikin bututu, suna kuma duba tarihin fashewarsa.

Hanyoyin gyara

Shafe da siminti: Ana kankare tsatsa, sannan inji ya fesa kwaɓin siminti a jikin bututun ta ciki. Wannan yana hana sabuwar tsatsa, amma ba ya ƙara wa ruɓaɓɓen bututu ƙarfi sosai.

Zura bututu cikin bututu: Ana jan sabon bututun roba mai ƙarfi a cikin tsohon. Hanyar tana da sauƙi, sai dai faɗin hanyar ruwa yana raguwa.

Shimfiɗa mai daskarewa a ciki: Ana jiƙa doguwar jaka mai laushi da danƙo, a cusa ta cikin bututu, a hura ta har ta manne, sannan a daskarar da ita da ruwan zafi, tururi ko haske na musamman. Eric Wood ne ya ƙirƙiro hanyar a Ingila, aka fara gwada ta a wata magudanar ƙazanta ta Landan a shekarar 1971. Daga baya aka samar da irin da ta dace da ruwan sha.

Fasa tsohon bututu: Ana jan wani kan ƙarfe mai tsini da ke farfasa tsohon bututu yana tura gutsattsarinsa cikin ƙasa, yana kuma jan sabo a bayansa. An fara amfani da ita a Birtaniya wajen sauya bututun iskar gas. Da ita ana iya sa bututun da ya fi na da faɗi.

Amfani da iyaka

Gyara daga ciki yana rage fasa kwalta, cunkoson ababen hawa da rufe shaguna, domin ƙananan ramuka kawai ake haƙawa a farko da ƙarshen sashen. Amma bututun da ya rufta ko ya karkace sosai yakan buƙaci haƙa. Yayin aikin ana ba gidaje ruwa ta bututun wucin gadi. Kafin a sake sakin ruwa, dole a gwada ƙarfin bututun, a wanke shi da sinadarin kilorin, a kuma tabbatar a ɗakin gwaji cewa ruwan ba shi da ƙwayoyin cuta.