Cutar Buerger: shin tiyatar jijiya tana ceton ƙafa na dindindin?

Cutar Buerger kumburi ne da ke kama ƙananan jijiyoyin jini na ƙafa da hannu har su toshe. Likita Leo Buerger ne ya yi cikakken bayaninta a birnin New York a 1908. Ta fi kama maza 'yan ƙasa da shekara 45, kuma kusan duk masu ita suna ta'ammali da taba. Takan fara da ciwon tafin ƙafa ko ƙwauri idan an yi tafiya, sai yatsu su yi sanyi, gyambo ya fito ya ƙi warkewa, wani lokaci yatsa ya yi baƙi ya mutu.

Yadda ake tiyatar

Likita yakan ciro doguwar jijiya daga ƙarƙashin fatar ƙafar mara lafiyar, ya ɗinka ta sama da ƙasan wurin da ya toshe, jini ya sami sabuwar hanya. Sai dai a wannan cuta kumburin yakan kai har jijiyoyin ƙarshen ƙafa, a rasa lafiyayyen wurin da za a ɗinka. Shi ya sa kaɗan ne daga masu cutar ake iya yi wa aikin.

Bayan shekaru

Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2004, ya nuna cewa kashi 41 cikin 100 na jijiyoyin da aka dasa ne suka ci gaba da aiki ba tare da gyara ba bayan shekara ɗaya, kashi 32 bayan shekara biyar, kashi 30 bayan shekara goma. Amma toshewar dashen ba lallai ta kai ga yanke ƙafa ba, domin sau da yawa gyambon ya riga ya warke, jiki kuma ya buɗe wasu ƙananan hanyoyin jini.

Abin da ya fi tasiri shi ne taba. A wannan binciken, babu wanda aka yanke wa ƙafa cikin waɗanda suka daina, alhali an yanke wa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka ci gaba.

Halin da ake ciki a Khartoum

Ga Hausawan Alshajara da Omdurman, maganar ta wuce sigari. Tumbak, garin tabar da ake haɗawa da kanwa a cusa a leɓe, ya yaɗu sosai a Sudan, kuma tabar da ba a kunnawa ma tana iya rura cutar. Wanda ya bar sigari ya koma tumbak ko shisha bai rabu da Bukar ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe asibitoci da dama a babban birnin, Alshajara kuwa ta ga ƙazamin faɗa saboda barikin tankokin yaƙi da ke cikinta. Wanda aka yi wa dashe yana buƙatar a riƙa duba gudun jinin da na'urar Doppler, wanda ya yi hijira kuma sai ya nemi wannan gwaji a inda ya sauka.

Likitoci suna ba da shawarar barin taba gaba ɗaya, da duba yatsu kullum, da guje wa tafiya ba takalmi ko gasa ƙafa a wuta. Idan ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta canza launi, ko zafi ya hana barci, a nufi asibiti a ranar.