Tarihin Salansa: Bututun Da Ake Rainawa A Ƙarƙashin Tsohuwar 504

Mai karatu, idan ka ga mutum ya sauke injin tsohuwar motarsa, ya saye fistin da ringi da bawul sababbi, to da wuya ka ji ya ambaci salansa sai aljihu ya yi sanyi. A lokacin ne zai tura yaro Panteka ko Ƙofar Ruwa ya ce a samo kowace iri, mai walda ya liƙa. Alhali tarihin wannan bututu ya nuna cewa shi ma ɓangare ne na inji, kamar yadda hanci yake ga ɗan Adam.

Motocin farko na ƙarshen ƙarni na 19 ƙararsu ta isa ta firgita dawakin da suke raba hanya da su. Dalili kuwa, duk lokacin da bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi ne ke fitowa da ƙarfi kamar harbi. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana yin irin wannan harbi sau 100 a kowace daƙiƙa. A 1897 wani Ba'amurke ɗan jihar Indiyana, Milton Reeves, ya yi rajistar wata tukunya da ke karya wannan ƙara. Bayansa Hiram Percy Maxim, wanda ya yi rajistar abin rage ƙarar bindiga a 1909, ya yi amfani da dabarar a kan injuna. Kalmar salansa da bakanikenmu ke faɗi daga bakin Turawan Ingila muka aro ta.

Da tafiya ta yi tafiya, sai masu tseren mota suka gano abin da ya fi rage ƙara muhimmanci. Hayaƙi ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba, dunƙule-dunƙule yake fita, kuma kowane dunƙule idan ya ruga da gudu yana barin wuri fayau a bayansa wanda ke janyo na biye da shi. Idan faɗin bututu da tsawonsa sun dace da injin, silinda na wankuwa tas, sabon mai da iska su samu wurin shiga. Idan bututun ya yi ƙanƙanta, inji ya shaƙe. Idan ya yi faɗi da yawa, hayaƙin ya rasa gudu, motar ta yi ta ruri amma ta kasa jan kaya a hawa. Kowane allazi da nasa amanu.

A nan ne labarin ya iso gidanmu. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Turai ta daina yin ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Fijo, kamar yadda muke kiranta, ta ɗauki gwamna, ta ɗauki amarya, ta ɗauki fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Injinta na fetur da aka fi sani mai kusan lita biyu ne, silinda huɗu, da kafireta, kuma salansarta an auna ta ne daidai da numfashin wannan injin.

A daidai lokacin da Kaduna ke fara aiki, salansa ta sake sabon salo a Amurka. Tun shekarun 1950 wani injiniya ɗan Faransa, Eugène Houdry, ya ƙirƙiro tukunyar tace guba, to amma darmar da ake zubawa a fetur tun 1923 tana kashe ta. Sai a 1975, da doka ta matsa kuma aka samar da fetur marar darma, ta shiga yawancin sababbin motocin Amurka. Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. Wannan tukunya ita ce bakanike ke kira indomi, saboda ramukan cikinta. Irinta ta zamani tana aiki ne da na'urar da ke auna iskar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. Tsohuwar 504 mai kafireta ba ta da wannan kwamfuta, don haka wanda ya yanko salansar motar Baljiyam ya liƙa mata, ya haɗa auren da ba zai zauna ba: man da bai ƙone ba zai riƙa dafa tukunyar har ta toshe, sabon injin ya koma yana nishi.

To mene ne abin yi ga mai gyara? A fara neman irin ta asali, ko a auna tsohuwar kafin a jefar. Injin lita biyu da ba a ƙara masa ƙarfi ba, bututu mai faɗin da bai wuce inci biyu ba ya ishe shi. A duba manifol ko ya tsage, a sa sabon gasket, a guji lanƙwasa mai matse bututu, a rataye shi da roba don kada girgiza ta karya walda. Sannan lallai bakinsa ya fita har bayan mota, musamman a doguwar famili, domin ƙofar baya na zuƙo hayaƙi ciki. Gubar da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da gyangyaɗi na cikin alamunta, kuma direban da ya yi gyangyaɗi a hanyar Zariya ba shi kaɗai zai tafi ba.

Masu 504 sai ƙara ƙaranci suke yi, kayanta na asali kuma sai wahalar samu. Duk wanda ya yi ɗawainiyar tayar da injinta, ya daure ya ware kuɗin salansa tun ranar da ya ware na fistin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.