Kotka: gaggafar da Finlan ta zana da hannunta

Finlan ta sami ƴancin kanta daga Rasha ranar 6 ga Disamba 1917. Cikin abin da ta gada akwai doguwar gaɓar teku mai tarin tsibirai, alhali ba ta da isassun jiragen ruwa na tsaronta. Shi ya sa sojojin samanta suka karkata tun farko ga jiragen da ke iya sauka bisa ruwa. A 1921 aka kafa masana'antar jirage a Suomenlinna, tsohuwar ganuwar tsibiran bakin Helsinki, kuma babban aikinta na fari kwaikwayo ne: jiragen Hansa 120, bisa tsarin Jamusawa.

Daga nan sai tambaya ta taso: a ci gaba da sayen tsari daga waje, ko kuwa a zana na gida? Abin da ake bukata jirgin sintiri ne wanda za a riƙa sauya wa ƙafafu: tayoyi don tudu, ƙananan kwale-kwale don ruwa, allunan sulɓi idan teku ya daskare da hunturu. A 1929 gwamnati ta sayi Blackburn Ripon guda daga Ingila, haɗe da iznin ƙera irinsa. Injiniya Kurt Berger kuwa ya fito da na gida, aka raɗa masa suna Kotka, wato gaggafa. Jirgi ne mai ɗaukar mutum biyu, fukafukansa hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma ya fara tashi a 1930.

Gaggafar ba ta yi rinjaye ba. Shida kacal aka ƙera, alhali masana'antar ta fitar da Ripon 25 daga 1931 zuwa 1934. A ganina hukumomi ba su yi kuskure ba, domin ƙasa mai ƙaramin aljihu ba ta jingina tsaron gaɓarta ga jirgin da ake kan gwadawa. Amma ribar Kotka a wajen injiniyoyi take: sun koyi lissafin jirgi tun daga takarda, abin da kwaikwayo ba ya koyarwa sosai. Masana'antar, bayan ta ƙaura Tampere a 1936, ita ta zana jirgin yaƙi Myrsky, wanda ya tashi a 1941.

Ko da Yaƙin Hunturu ya ɓarke a 1939, zamani ya riga ya wuce jiragen biyu, ko da yake an ci gaba da moriyarsu. Kotka ɗaya da Ripon ɗaya suna ajiye yau a gidan tarihin jirage na Vesivehmaa, kusa da Lahti.