Neman Lalata a Wurin Aiki: Inda Dokar Najeriya Ta Tsaya

Abin da muke nufi da neman lalata a wurin aiki shi ne duk wata magana, ishara ko taɓa jiki mai alaƙa da sha'awa, wadda aka yi wa ma'aikaci ba da son ransa ba, har ta taɓa aikinsa ko mutuncinsa. Da yake mata abin ya fi shafa, za mu riƙa cewa ma'aikaciya. Masana shari'a sun kasa shi gida biyu. Na farko shi ne ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda mai iko ke rataya ɗaukar aiki ko ƙarin girma a kan amincewarta, in ta ƙi kuwa takardar sallama ta biyo baya. Na biyu shi ne gurɓata wurin aiki: babu alkawari, babu barazana, amma batsa da saƙon waya da tsakar dare da tare ta a bakin ƙofa sun mayar mata da zuwa ofis azaba.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ambaci wannan laifi ba. Mafita daga tsarin mulki ta zo, domin gyaran 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki. A 2013 kotun ta yanke hukunci a ƙarar wata ma'aikaciyar kamfanin Microsoft na Najeriya da aka sallama bayan ta ƙi ba shugabanta haɗin kai. Kotun ta dogara da sassa na 34 da 42 na tsarin mulki, masu kare mutunci da hana wariya, ta sa a biya ta diyya. Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne alhakin ubangida, wato ɗora wa kamfani laifin da jami'insa ya aikata a bakin aiki, kuma kotun ta tabbatar da shi. Ta fuskar hukuncin laifi, dokar Jihar Legas ta 2011 ta tanadi ɗaurin shekara 3.

Sai dai wannan kariya mai takardar ɗaukar aiki da kuɗin lauya ta fi amfana. 'Yar aikin gida da mai jiran shago, waɗanda da baki aka ɗauke su, da baki ake korar su. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022, ta haɗa da su, har da masu neman aiki da masu koyon sana'a, kuma sashe na 254C ya halatta wa kotun amfani da irinta.